Tarihin Fasalin Ɗakin Girki da Darasinsa ga Masu Gyaran Gida

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tashi gyaran tsohon gida a biranenmu a yau, da wuya ya gama aikin bai kira kafinta ya kafa masa kicin ba. Fasalin da kafintan zai kawo kuwa kusan iri ɗaya ne ko'ina: doguwar kanta manne da bango wadda ta kai ƙugun mutum, kabad sama da ƙasa, wurin wanke-wanke a gindin taga, murhun gas a gefe guda, firiji kuma a ɗaya gefen. Saboda yawan ganinsa, jama'a sun ɗauka cewa haka ɗakin girki yake tun fil azal.

A wannan maƙala za mu yi ƙoƙari mu nuna cewa wannan fasali yana da tarihi. An san shekarun da aka ƙago shi, an san mutanen da suka ƙago shi, an kuma san matsalar da suka yi nufin warwarewa. Da farko za mu dubi madafin Bahaushe na gargajiya, sa'an nan mu bi sawun kicin na zamani daga Amurka zuwa Jamus, daga bisani mu ga yadda ya shigo mana da abin da shigowar tasa ta haifar. Abin da muke son tabbatarwa shi ne, kowane fasali amsa ce ta tambayoyi uku: wa yake girkin, me ake girkawa, da wane makamashi.

2.0 Madafin Bahaushe

A gidan Bahaushe na gargajiya, mai shigowa yakan bi ta zaure, ya ratsa ƙofar gida, ya bi ta shigifa, kana ya isa cikin gida. Baƙo namiji iyakarsa zaure. Girki kuwa can cikin gida ake yin sa, inda idon baƙo ba ya kaiwa. Madafi ƙaramin ɗaki ne ko rumfa a gefen tsakar gida, wanda amfaninsa ya fi yawa da damina. Da rani, murhu na duwatsu uku a fili shi ne wurin aiki.

Abin lura a nan shi ne, aikin abinci ya fi ƙarfin ɗaki guda. Daga rumbu ake ɗebo hatsi, a sussuka, a sheƙe, a surfa a turmi, a bakace a faifai, a wanke, a niƙa ko a daka, a tankaɗe da rariya, sa'an nan a zo ga talge da tuƙi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana bukatar fili da iska, kuma akasarinsu a ƙasa ake yin su, ko a tsaye a kan turmi, ko a zaune a bisa 'yar kujerar mata. Tuƙin tuwo musamman yana bukatar tukunya ta kasance ƙasa-ƙasa, ta zauna daram, domin mai tuƙi ta sami damar danna muciya da ƙarfin kafaɗarta.

Haka kuma, girkin ba na mutum ɗaya ba ne. Ko da yake a gidan da ke da mata fiye da ɗaya akwai ranar girki da ke zagayawa, mai girkin takan sami taimakon 'yan mata da abokan zama wajen daka da ɗiban ruwa da rabon abinci. Mai son ganin hoton wannan rayuwa yana iya duba labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954. Ke nan tsakar gida ita ce ainihin ɗakin girkin Bahaushe, madafi kuwa yanki ne kawai daga cikinta.

3.0 Asalin Kicin na Zamani

3.1 Amurka

A gidajen masu hali na Turai da Amurka a ƙarni na 19, girki aikin barori ne, ɗakin girkin kuwa babba ne, kayan aiki warwatse a cikinsa. Da masana'antu suka fara janye 'yan aikin gida, sai nauyin ya komo kan uwargida ita kaɗai. A 1869 Catharine Beecher da 'yar'uwarta Harriet Beecher Stowe suka fitar da littafi mai suna The American Woman's Home, inda suka zana ɗakin girkin da mace ɗaya za ta iya sarrafawa. Sun ɗauko misali daga madafin jirgin ruwa, inda kuku yake ciyar da jama'a masu yawa daga ɗan ƙaramin wuri domin komai yana kusa da hannunsa. Suka jera wurin aiki a gindin taga, suka sa mazubin gari a ƙarƙashinsa, suka kuma keɓe murhu a wani ɗan ɗaki mai ƙofa saboda zafi.

Mataki na biyu daga masana'anta ya fito. A 1911 Frederick Taylor ya buga littafinsa a kan auna motsin ma'aikata da agogo don rage ɓata lokaci. Christine Frederick ta ɗauki wannan dabara ta kai ta gida a littafinta The New Housekeeping na 1913. Ta zana taswirar ɗakin girki tana jan layi a duk inda ƙafar mai girki ta bi, ta nuna cewa aikin kashi biyu ne, watau shirya abinci da kwashe kwanuka, kuma kowannensu ya kamata ya bi hanyarsa ba tare da sun sarƙe ba. An fassara aikinta zuwa Jamusanci a farkon shekarun 1920, ta nan ne kuwa tunanin ya ƙetare teku.

3.2 Kicin ɗin Frankfurt

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, biranen Jamus sun shiga ƙuncin rashin muhalli. A 1925 birnin Frankfurt ya ɗora wa Ernst May aikin gina dubban gidaje masu araha domin ma'aikata. Shi kuma ya gayyato wata mai zanen gine-gine mutuniyar ƙasar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky (1897-2000), wadda a 1926 ta tsara abin da aka sani da kicin ɗin Frankfurt. An kafa kimanin guda 10,000 irinsa kafin shirin ya tsaya a wajen 1930.

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan wannan ɗaki, domin shi ne kakan abin da kafintocinmu suke kafawa. Faɗinsa mita 1.9 ne, tsawonsa kimanin mita 3.4. Ta kwaikwayo shi daga madafin taragon cin abinci na jirgin ƙasa, bayan ta auna ayyukan girki da agogo. A ƙarshen ɗakin akwai taga, a gabanta teburin aiki da kujera mai juyawa wadda ake iya ɗagawa ko saukewa. Akwai murhun gas, da wurin wanke-wanke, da katakon guga da ake naɗewa jikin bango, da fitila mai tafiya a kan dogon ƙarfe a rufi. Akwai kuma jerin ƙananan mazubai na sanholo, kowanne an rubuta sunan abin da za a zuba a ciki, kamar sukari ko shinkafa. An yi mazubin gari da katakon da tsutsa ba ta so, aka shafa wa kabad shuɗin fenti bisa zaton cewa ƙuda yana gudunsa.

Amma fa ba a daɗe ba ƙorafi ya taso. Ɗakin bai ɗaukar mutum biyu, saboda haka mace ta zama a keɓe, ba ta iya lura da yara tana girki. Ƙananan yara suna kaiwa ga mazuban nan. Mata da yawa kuma suka riƙa zuba abin da suka ga dama, ba su kula da rubutun ba. Ita kanta mai zanen ta faɗa daga baya cewa ba ta da gogewa a girki lokacin da ta tsara shi. Wannan ya nuna mana cewa tun a garin da aka haife shi, fasalin ya yi karo da al'adar masu amfani da shi.

3.3 Alwatikar Aiki

A Amurka kuma, Lillian Gilbreth, masaniyar nazarin motsin ma'aikata, ta nuna nata fasalin a 1929 a madadin wani kamfanin gas na Brooklyn. A gwajin da aka yi da irin tsarinta wajen haɗa wani kek, takun mai girki ya sauko daga 281 zuwa 45. Ita ta nace a kan cewa a auna tsayin wurin aiki da tsayin matar da za ta yi aikin. A shekarun 1940 masana a Jami'ar Illinois suka taƙaita wannan tunani a cikin ƙa'idar alwatika, watau siffa mai kusurwa uku tsakanin murhu da wurin wanke-wanke da firiji. Yadda ake koyar da ita, kowane gefe kada ya gaza ƙafa 4 ko ya wuce ƙafa 9, jimillarsu kuma kada ta haura ƙafa 26. Da masana'antu suka karɓi aikin, sai suka tsayar da tsayin kanta a inci 36, kimanin santimita 91, domin sauƙin ƙira. Da haka shawarar Gilbreth ta auna jikin mai girki ta bi ruwa.

4.0 Shigowarsa Ƙasar Hausa

Bayan da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sun gina wa jami'ansu gidaje a bariki. A irin waɗannan gidaje ɗakin girki a ware yake can baya, kusa da ɗakunan barori, mai girkin kuwa namiji ne ɗan albashi. Daga nan ne kalmomin kuku da kicin suka shigo harshenmu, kamar yadda risho ya shigo daga Faransanci. Bayan samun mulkin kai a 1960, manyan ma'aikata 'yan ƙasa suka gaji waɗannan gidaje. Rukunin gidajen ma'aikata da aka riƙa ginawa daga baya, har da masu sauƙin kuɗi na Jamhuriya ta Biyu (1979-1983), sun shigo da ɗan ƙaramin kicin cikin ginin kansa.

A nan ne tambayoyin nan uku suka sami amsoshi dabam. Fasalin Frankfurt an yi shi don mace ɗaya mai dafa wa ƙaramin iyali, mai sayen kayan abinci kaɗan-kaɗan, mai gas da ruwan famfo da ba sa yankewa. Gidan Bahaushe kuwa buhu yake saye, yana ciyar da baƙi da maƙwabta da almajirai, ga azumi, ga layya, ga biki da suna. Tukunyar tuwo idan aka ɗora ta a kan murhu bisa kanta mai inci 36, bakinta ya kai ƙirjin mai tuƙi, ƙarfin hannu ya tashi a banza, ga haɗarin kifewa. Turmi yana fasa tayil. Firiji, wanda shi ne kusurwa ta uku a alwatika, ya dogara ga wutar lantarki da ba ta da tabbas. Makamashi ma ba ya tsayawa wuri ɗaya: ƙarancin kananzir a shekarun 1990 ya haifar da murhun da jama'a suka laƙaba wa sunan Abacha, kuma duk sa'ad da gas ya yi tsada, gidaje sukan koma ga gawayi da itace. Bugu da ƙari, sabon yayin nan na rushe bangon da ke tsakanin kicin da falo ya saɓa wa hikimar zaure, domin yana kai idon baƙo har bakin tukunya.

Sakamakon haka shi ne abin da kowannenmu ya sha gani: an kashe maƙudan kuɗi a kicin na cikin gida inda ake dafa shayi da taliya, ainihin girki kuwa yana bayan gida a ƙarƙashin 'yar rumfar kwano da ba wanda ya zana ta. Wannan bai tsaya ga ƙasarmu ba, domin a Malesiya da Filifin ma gidaje da yawa suna da madafi biyu. Lamarin kuwa ya wuce batun asarar kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida, wadda akasarinta daga hayaƙin girki take, ta yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3.2 a 2020. Kunna gawayi a rufaffen ɗakin da aka tsara don gas haɗari ne ga rai. Shi kansa gas na tukunya ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, saboda haka kulle tukunyarsa a cikin kabad marar mashigar iska ganganci ne.

5.0 Kammalawa

Ba muna kira ne a yi watsi da kicin na zamani ba, domin ya zo da tsabta da sauƙi da ba za a musa ba. Abin da ya cancanci koyi daga Beecher da Frederick da Gilbreth shi ne hanyar da suka bi: sun fara duban aikin, kana suka zana ɗakin. Mai gyaran gida ya kamata ya fara zama da matan da za su yi girkin kafin ya kira kafinta. A ƙidaya yawan bakin da ake ciyarwa da yawan hannun da ke aiki. A auna tsayin kanta da jikin mai amfani da ita, a kuma tanadi wuri ƙasa-ƙasa domin tuƙi. A sa madafin waje cikin zane tun farko, da rufi da mafitar hayaƙi da daɓe mai ƙarfi na daka, ƙofar kicin kuma ta buɗe zuwa gare shi. A ware sito busasshe na buhuna, da wajen ajiye ruwa, tukunyar gas kuma a yi mata mazauni a waje inda iska ke ratsawa. A tsayar da hanyar ruwa da ta magudana kafin a sa tayil, gama sauya su daga baya shi ne mafi tsada a aikin.

Daga ƙarshe muna kira ga sassan koyar da zanen gine-gine da na kimiyyar sarrafa gida da na nazarin al'adun Hausa a jami'o'inmu, da su haɗa kai su auna aikin tuwo da miya taku bayan taku, kamar yadda aka auna na wasu a 1913 da 1926. Da irin wannan awo ne maginanmu da kafintocinmu za su sami ƙa'idar da ta dace da gidajen da suke yi wa aiki.