Yaran da Suka Tashi Tsaye Kan Masu Fataucin Yara a Benin

A kudancin Jamhuriyar Benin akwai tsohuwar al'ada da mutanen Fon suke kira vidomegon, wato yaron da aka ba wani riƙo. Mu ma mun san irinta. Talaka yakan miƙa 'yarsa ga ɗan'uwa a birni domin ta sami tarbiyya da sana'a. Amma da kuɗi suka shiga tsakani, sai riƙo ya koma ciniki. Dillalai suka riƙa bin ƙauyuka suna ba iyaye abin da bai taka kara ya karya ba, su kwashe yara zuwa talla a kasuwar Dantokpa ta Kwatano, ko aikatau a Gabon, ko fasa dutse a Abeokuta.

Duniya ba ta farga sosai ba sai a 2001. A ƙarshen Maris jirgin ruwa mai suna Etireno ya tashi daga Kwatano. Gabon ta hana shi sauke fasinja, Kamaru ma haka, ya komo a tsakiyar Afrilu da yara da matasa 43 a ciki. A 2003 kuma aka mayar da yara fiye da 200 gida daga wuraren fasa dutsen Abeokuta, da yawansu 'yan yankin Zakpota.

To, amma yara sun riga manya buɗe baki. A 1994 'yan mata masu aikatau a Dakar suka shiga jerin gwanon ranar ma'aikata. A cikin shekarar nan wakilan yara ma'aikata daga Sanigal, Mali, Burkina Faso da Kwaddibuwa suka taru a Bouake, da taimakon ƙungiyar Enda, suka kafa Ƙungiyar Yara da Matasa Ma'aikata ta Afirka. Daga baya ta bazu har Benin, Nijar da Nijeriya. Sun tsara hakkoki 12 da bakinsu, har da hutu in an kamu da ciwo, koyon karatu da rubutu, da kuma hakkin yaro ya zauna a ƙauyensu.

A ganina wannan na ƙarshe ya fi duka nauyi, gama wanda ya sha wuyar baƙunci ne kaɗai zai roƙe shi. Duk da haka ba su yarda a ɗauki kowane yaro matafiyi a matsayin wanda aka sayar ba. Sun san yunwa ce take korar da yawa, in kuwa aka mayar da yaro gida hannu wofi, zai sāke fita ta hanyar da ta fi haɗari. Saboda haka suka riƙa faɗakar da 'yan'uwansu a ƙauyuka da tashoshin mota, wanda kuma ya nace sai ya tafi, su haɗa shi da 'yan ƙungiya na garin da zai sauka.

Benin da Nijeriya sun ƙulla yarjejeniyar yaƙi da wannan fatauci a 2005. Dokar Benin ta hukunta masu safarar yara ta fito a 2006, shekara 12 bayan taron Bouake.