Doki da Namun Daji a Arewacin Nijeriya: Daga Fagen Fama da Farauta zuwa Fagen Kallo

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda abubuwa biyu da suka daɗe a rayuwar Bahaushe, watau doki da naman daji, suka rabu da aikinsu na asali a farkon ƙarni na 20, sa'an nan suka sami wani sabon aiki. A da ana kiwon doki ne domin yaƙi da tafiya da nuna mulki, naman daji kuwa ana bin sa domin nama da fata da haure da magani. A yau duka biyun abin kallo ne, kuma kallon ya zama hanyar abinci ga mutane masu yawa. Tambayar da za a yi ƙoƙarin amsawa ita ce: wa ke cin amfanin wannan kallo? Za a ɗauki hawan salla da kilisar matasa a matsayin misali na farko, Gandun Dajin Yankari na Jihar Bauchi kuma a matsayin misali na biyu.

2.0 Doki Kafin 1903

Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya nuna cewa Sarki Kanajeji (1390-1410) shi ne ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke, kuma ya riƙa aika dawaki zuwa Kwararrafa ana musanya masa da bayi. Muhammadu Rumfa (1463-1499) shi aka jingina wa dawakin zage da kakaki da figini, watau yawancin abin da mai kallo ke gani a hawan salla har gobe. A 1851, lokacin da Heinrich Barth ya sauka Kano, ya ƙiyasta cewa Sarki na iya fitar da mahaya kimanin 7,000. Ko da an rage wani abu daga wannan ƙiyasi, ya isa ya nuna yawan hannuwan da ke ci daga jikin doki, domin kowane doki na bukatar mai yankan ciyawa da mai share barga da baduku da maƙeri.

Harshe ya adana shaidar wannan matsayi fiye da kowace takarda. Sarautun Madawaki da Ubandawaki da Sarkin Dawaki da Shamaki da Lifidi da Sarkin Zagi duk daga barga suka fito, haka sunayen garuruwa irin su Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Bahaushe bai tsaya ga kalmar doki kawai ba: ya bambanta ingarma da ƙuru, goɗiya da duƙushi, ya kuma raɗa wa launuka sunayen da ba a amfani da su ga sauran dabbobi, kamar kili da bidi da akawal da bikili da hurde da gunya. Al'umma ba ta yin irin wannan ƙididdiga ga abin da ba ta damu da shi ba.

Akwai wani abu da ya haɗa tarihin doki da na namun daji wanda ba a cika lura da shi ba, shi ne ƙudan tsando. Inda tsando ya yi yawa sammore ke kashe doki da saniya, saboda haka mahayi da makiyayi sukan kauce wa wurin. Dazuzzukan da doki bai iya zama a cikinsu ba su ne suka zama mafakar giwa da ɓauna. Yankari na ɗaya daga cikinsu.

3.0 Daga Fagen Fama zuwa Ƙofar Fada

Turawa sun ci Bauchi a 1902, Kano a watan Fabrairu na 1903, Sakkwato a watan Maris, aka ƙare da Burmi a watan Yuli. A waɗannan wurare ne aka tabbatar cewa lifidi ba ya tare harsashi. Mota da jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911, suka zo suka ƙwace wa doki sauran aikinsa na tafiya. Bisa ga al'ada, dabbar da ba ta da aiki mutane sukan daina kiwonta. Abin da ya ceci doki shi ne hawan salla, wanda tun asali taron mubaya'a ne inda hakimai ke nuna wa Sarki dawakinsu da mayaƙansu. Turawan mulki sun ga amfanin wannan taro, suka haɗa shi da abin da suka saba yi a Indiya, suka kira shi daba. An yi wa Yariman Ingila daba a Kano a 1925, an yi wa Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956, an sake yi a 1959 lokacin da Jihar Arewa ta sami mulkin kai, sa'an nan aka yi babbar daba ta FESTAC a Kaduna a 1977. A Katsina kuwa Sarki Muhammadu Dikko (1906-1944) ya shigo da wasan folo a shekarun 1920, ɗansa Usman Nagogo (1944-1981) ya yi fice a wasan har sunansa ya kai ƙasashen waje.

Amfanin da jama'a ke samu a nan ba ɓoyayye ba ne, ko da yake ba a rubuta shi a littafin baitulmali. Kafin doki ɗaya ya fita Hawan Daushe, sai kuɗi ya bi ta hannun mai ƙera sirdi da likkafa da linzami, da badukun da ya ɗinka ragama da majanyi, da mai aikin jalala, da maɗinkin alkyabba, da mai naɗa rawani. Bayan waɗannan ga mai sayar da harawa da dusa da kanwa, wanda cinikinsa ba ya jiran salla domin doki kullum sai ya ci. Ga makaɗa da maroƙa da 'yan bindiga, ga mata masu sayar da abinci a bakin hanya. Kusan dukkan wannan sarƙa a cikin gari take, kuma da Hausa ake cinikinta. Baƙon da ya zo kallo daga Legas ko Turai ƙari ne kawai. Ko bai zo ba za a hau.

Matasa su ne ƙashin bayan al'amarin. Yaro yakan fara da yankan ciyawa da kai doki wanka, daga nan a bar shi ya riƙe ragama, sai a ɗora shi ya yi kilisa da yamma don doki ya miƙe ƙafa. Kafin ya kai ga yin jafi a gaban Sarki ya riga ya koyi tashi da asuba, da lura da lafiyar abin da ba ya magana, da bin na gaba, domin a tawagar hakimi kowa da matsayinsa. Wannan tarbiyya ce da makaranta ba ta bayarwa, kuma ɗan talaka na samun ta kamar ɗan sarauta, tun da yawancin masu kula da barga ba 'ya'yan masu dawakin ba ne. A manyan birane matasa sun kafa ƙungiyoyin mahaya, suna haɗa kuɗi su sayi doki ko su yi haya, suna fita hawan angwanci a biya su.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Kilisar da ta fita daga hannun manya ta koma sukuwa a kan kwalta tsakanin motoci da yara, kuma an sha samun raunuka da faɗan ƙungiyoyi, har 'yan sanda a Kano suka hana ta fiye da sau ɗaya. A ganin mai wannan rubutu, hanin bai taɓa tushen matsalar ba, domin birnin ya cinye filayen da ake sukuwa a da, aka bar matashi da doki ba wurin gudu. Hawan salla kansa ya tsaya a 2020 saboda annobar korona, ya sake samun cikas a Kano daga 2024 saboda rikicin sarauta, a shekarar da hukumar UNESCO ta sanya dabar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattali. Duk shekarar da ba a hau ba, baduku da mai jalala ne ke fara jin jiki.

4.0 Yankari

Farauta ma tana da tsarinta kafin zuwan Turawa. Akwai maharba masu baka da kibiya ƙarƙashin Sarkin Baka, akwai farautar gayya ta rani da samari ke fita da karnuka da sanduna. Dokar kare namun daji ta 1916 da ta Jihar Arewa ta 1963 suka mayar da yawancin wannan aiki laifi idan ba da lasisi ba. A 1956 aka keɓe Yankari, aka buɗe shi ga masu ziyara ranar 1 ga Disamba, 1962. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, Kogin Gaji ya ratsa tsakiyarsa, kuma a bakin wannan kogi ne dabbobi ke taruwa da rani, lokacin da kallo ya fi daɗi. Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi a 1991, ta mayar wa Jihar Bauchi a 2006.

Ya kamata a tsaya a dubi sunan da aka ba irin wannan wuri. Gandu a Hausa babbar gona ce ta maigida ko ta Sarki, wadda wasu ke nomawa amma amfanin na mai ita ne. Da aka ce gandun daji, an gaya wa baƙauye a fakaice cewa dajin ya sami mai shi, kuma ba shi ba ne. Kalmar yawon buɗe ido ma daga ɓangaren baƙo take kallon al'amarin. Har yanzu babu wata sananniyar kalma da ke bayyana matsayin mutumin da ake zuwa buɗe ido a bayan gidansa.

Abin da mai ziyara ke gani ba kaɗan ba ne. Akwai giwa da ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da mazo da gadu da dorina da kada, ga gwaggon biri da ke yawo har cikin masaukin baƙi, ga ragowar zakuna, waɗanda suka yi ƙaranci ƙwarai a Afirka ta Yamma. Ruwan ɗumi na Wikki, wanda zafinsa ke tsaye a kan digiri 31 dare da rana, shi ke jawo iyalai da ɗalibai fiye da dabbobin ma. Akwai kuma kogunan Marshall da rijiyoyin Dukkey da tsofaffin matoyar tama, masu nuna cewa mutane sun zauna a wurin kafin ya koma daji. Ga ɗan makarantar da ya san giwa a tatsuniya da kirari kawai, ganinta ido da ido darasi ne na harshe kafin ya zama na kimiyya. Sunaye irin su rabbi da kyarkeci da dari sun fara ɓacewa daga bakin matasa, kuma dabbobin da ke ɗauke da sunayen sun riga sun ɓace daga Yankari, tare da raƙumin dawa.

Ta fuskar tattalin arziki, gandun ya samar da aikin gadi da tuƙi da jagora da dafa abinci, kuma tun farko an ɗauki maharba aikin gadi saboda sun fi kowa sanin sawu. Garin Mainamaji da ke bakin ƙofa ya amfana da masu wucewa. Amma masaukin Wikki yana can ciki, fiye da kilomita 40 daga ƙofar, kuma kuɗin shiga da na kwana asusun hukuma suke tafiya. Manomin ƙasar Duguri ko Gwana wanda garken giwaye ya kwana a gonarsa ana gab da girbi bai ga baƙon ba, bai ga kuɗinsa ba, ɓarnar kawai ya gani. Makiyayi kuma yana hangen ciyawa da ruwa a watan Maris, an ce kada ya shiga. Ba abin mamaki ba ne da wasu ƙauyuka suka riƙa rufa wa maharban haure asiri, har aka rasa rayukan masu gadi a arangama da su.

An sami sauyi daga 2014, lokacin da Gwamnatin Bauchi ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar Wildlife Conservation Society kan aikin tsaro. An ƙarfafa sintiri, an ɗaura wa wasu giwaye na'urar da ke nuna inda suke, an kuma ɗauki mutanen ƙauyukan kewaye aikin lura da giwa, suna sanar da masu gadi ta waya da zarar garke ya doshi gona. Shekaru da dama bayan 2015 ba a sami rahoton kisan giwa domin haure ba. Aikin ƙarami ne idan aka kwatanta da yawan ƙauyukan, amma a nan ne baƙauye ya fara karɓar wani abu saboda giwa tana raye.

Akwai kuma amfanin da ba a gane shi sai an rasa. Sambisa a Jihar Barno gandun namun daji ne da masu ziyara ke zuwa a shekarun 1970 da 1980. Da kulawa ta ja baya, masu gadi suka ragu, baƙi suka daina zuwa, sai dajin ya zama sansanin 'yan Boko Haram. Kamuku a ƙasar Birnin Gwari da Falgore a kudancin Kano su ma sun sha zama maɓoyar ɓarayin shanu. Dajin da motar masu kallo ke ratsawa safe da yamma yana da hanyoyi a share da idanu a kansa, kuma ƙauyen da ke gefensa yana kwana da wannan tsaro ko da bai taɓa sayar wa baƙo ko ƙwai ɗaya ba. Jihar Bauchi ta ƙara wani gandun a Sumu, ta zuba masa dabbobin da ƙasar Namibiya ta ba ta a 2006, ciki har da raƙumin dawa da jakin dawa, domin mutanen birnin Bauchi su sami wurin kallo kusa da gida.