Auna Juriyar Iyali da Tantance Takardun Tambayoyi Tsakanin Al'adu

Juriyar iyali, a wurin masana halayyar ɗan Adam, ita ce ƙarfin da gida ke da shi na ɗaukar masifa, kamar rasuwa ko doguwar jinya ko gudun hijira, ya kuma sake miƙewa ba tare da ya watse ba. Masanin zamantakewa Reuben Hill ne ya share fagen wannan nazari a shekarar 1949, bayan ya bibiyi iyalan Amurka waɗanda Yaƙin Duniya na Biyu ya raba da mazajensu. Ya lura cewa makomar gida ta dogara ne ga girman abin da ya same shi, da abin da yake da shi a hannu, da kuma fassarar da mutanen gidan suka yi wa lamarin.

A 1998 Froma Walsh ta Jami'ar Chicago ta fitar da littafin da ya zama madogara a fannin, inda ta kasa juriya gida uku: abin da iyali suka yi imani da shi, yadda suke tsara zamansu, da yadda suke magana da juna wajen warware matsala. A kan wannan ne Meggen Tucker Sixbey ta gina ma'auninta a Jami'ar Florida a 2005, mai tambayoyi 54 da sassa shida. Mai amsawa yakan zaɓi ɗaya daga matakai huɗu, daga cikakkiyar yarda zuwa cikakken ƙi.

Matsala takan kunno kai ne idan aka tsallaka da ma'aunin zuwa wata ƙasa. Hanyar da aka fi bi ita ce wadda Richard Brislin ya bayyana a 1970: wani ya fassara takardar, wani da bai taɓa ganin ta asali ba ya mayar da fassarar harshen farko, sannan a kwatanta. Hanyar tana kama kurakuran kalmomi, amma fassara tana iya fita sumul alhali tambayar ba ta da ma'ana a rayuwar wanda ake yi wa ita.

Hausa kanta misali ce. Idan aka ce wa magidanci “iyalinka”, sau da yawa matarsa da 'ya'yansa zai kawo a zuci, wani lokaci ma matar kaɗai. Idan aka ce “gida”, ƙannensa da matansu sun shigo. Idan aka ce “dangi”, an kai har ƙauye. A gidan da ke da mata biyu ko uku, kowace ɗaki tana iya ba da amsa dabam game da zama ɗaya. Haka nan tambayar da ke auna riƙo da addini ta yawan zuwa wurin ibada za ta rage wa matar da ke salla a gida maki, ko da kuwa ba ta taɓa barin salla ta wuce ta ba. Sai kuma kunya: wanda ya saba amsa gaisuwa da “sai godiya” ba zai yi saurin gaya wa baƙo cewa ana rikici a gidansa ba, balle idan karanta masa tambayoyin ake yi a gaban surukai.

Saboda haka ake zama da mutane kaɗan tukuna, a nemi kowa ya faɗi da bakinsa abin da ya fahimta daga kowace tambaya. Bayan nan lissafi ya biyo baya. Ma'aunin da Lee Cronbach ya fito da shi a 1951 yana nuna ko tambayoyin sashe ɗaya suna tafiya tare, kuma galibi ana karɓar 0.7 zuwa sama. Wannan adadi kaɗai bai isa hujja ba, domin yawan tambayoyi ma yana ɗaga shi. Dole a duba ko sassan asali sun sake bayyana a sabuwar al'ummar. A ƙasar Sin ba su bayyana ba: sigar da aka wallafa a 2016 ta sauko zuwa tambayoyi 32 da sassa uku, kuma sashen addini na cikin waɗanda suka faɗi. Ke nan makin gidan Beijin da na gidan Florida ba abu ɗaya suke nunawa ba.

Wasu masanan sun bi ta wata hanyar. Michael Ungar na Jami'ar Dalhousie da ke Kanada ya haɗa masu bincike daga al'ummomi 14 a ƙasashe 11, ciki har da Gambiya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, suka rubuta tambayoyin auna juriyar yara da matasa tare tun daga farko, kafin a tace su daga 58 zuwa 28.

Batun ya shafi Nijeriya kai tsaye. Rikicin arewa maso gabas ya raba sama da mutum miliyan biyu da muhallansu, kuma da takardun tambayoyi ne ake tantance gidan da ya fi buƙatar tallafi da kuma shirin da ya yi amfani. Takardar da aka shirya da Ingilishi, aka karanta da Hausa ga wanda harshensa Kanuri ne ko Fulfulde, ta ratsa harsuna uku kafin a rubuta amsa ɗaya, kuma a kan wannan amsar ake yanke wanda sunansa zai shiga jerin masu karɓar taimako.