Lam da amortisa: yadda ake gyara ƙafafun tsofaffin motocin kat-kat a yankin Kona

A Kona da sauran ƙauyukan gundumomin Tasawa da Mayayi, cikin jihar Maradi, da zarar an sauka daga gudron sai rairayi da hanyar birji. Babbar hanya ta ɗaya, wadda ta taso daga Maradi ta bi Cadawa, Agye da Gazawa zuwa Tasawa da Damagaram, ba ta shiga yawancin garuruwan da ake cin kasuwar mako. Shi ya sa tsofaffin a-kori-kura masu ja da ƙafa huɗu, galibi Toyota Hilux da Land Cruiser, su ne ke kai gero, wake, gyaɗa, dabbobi da mutane. Abin da ke fara gajiya a irin waɗannan motoci shi ne abin da makanikai ke ce ma sispansiyon, wato duk ƙarafan da ke tsakanin shasi da taya.

Irin motocin da abin da ke ƙarƙashinsu

Land Cruiser jerin 70 ta fito a 1984. Samfurinta mai buɗaɗɗen baya, 75, lam ne da shi gaba da baya. A 1999 samfurin 79 ya maye gurbinsa, aka sa naɗaɗɗen sifirin a gaba, aka tsawaita lam ɗin baya. Ita kuwa Hilux mai ja da ƙafa huɗu, tun 1979 ta zo da gatari guda a gaba bisa lam, kuma a kasuwanni da dama haka ta ci gaba har wajen 1997. Waɗanda suka biyo baya kowace ƙafar gaba zaman kanta take, da sandar murɗi a madadin lam. Duk mai son gyara sai ya fara sanin wacce ke hannunsa, don maganin wannan ba shi ne na waccan ba.

Lam jerin faffaɗan ƙarfe ne masu lanƙwasa, babba bisa ƙarami. Na sama, uwar lam, shi ke da ido biyu: ɗaya a kafe da shasi, ɗaya a maƙale da ƴar gajeriyar mahaɗa mai lilo, wadda ke ba lam damar miƙewa in kaya ya danne shi. Ƙusa guda ta ratsa tsakiyar jerin, sannan wasu lanƙwasassun ƙusoshi biyu sun ɗaure shi da gatari. Lam ke ɗaukar nauyi. Amortisa ba ya ɗaukar ko kilo ɗaya, aikinsa hana mota yin ta tsalle bayan ta faɗa rami.

Ƙarin lam: abin da yake yi da abin da ba ya yi

Gyaran da aka fi yi a garejin Tasawa da Maradi shi ne ƙara lam ɗaya, biyu ko fiye a baya. Dalilin a fili yake. Tsohuwar Hilux an ƙera ta don kaya kusan tan ɗaya, wato buhu goma na kilo 100, har da nauyin direba da yaron mota. Ranar kasuwa kuwa kowa ya san abin da ake lafta mata, ga fasinja a saman buhuna. In an ƙara lam, bayan motar ya daina zama ƙasa, sai ta yi kamar kayan bai dame ta ba.

Ido kawai aka ruɗa. Gatari, boris ɗin ƙafa, birki da shasi suna nan yadda kamfani ya yi su. Da can lam ne ke shanye dukan hanya, yanzu ya sandare, sai dukan ya wuce kai tsaye zuwa shasi. Daga nan tsaga ke fitowa kusa da kunnuwan da ke riƙe lam ko bayan ɗakin direba. A Hilux akwai wani haɗari: sandar da ke juya tayar baya ita ce kuma ke ɗauke da nauyi, don haka in ta karye taya na iya ficewa ɗungurungum. Land Cruiser da yawa an raba musu waɗannan ayyuka biyu, abin da ya sa suka fi jure wahala, amma su ma da iyakarsu. Nauyin da aka yarda mota ta kai da kayanta yana rubuce a kart-giriz, kuma lam ashirin ba za su canza shi ba.

Akwai wani ɗan ƙaramin abu da ake yawan mantawa. Tsofaffin Hilux da Land Cruiser suna da bawul a bayan shasi, haɗe da gatari ta wata siririyar sanda. Shi ke auna yadda baya ya zauna, ya ƙara ma birkin baya ƙarfi in kaya ya yi nauyi. In an ƙara lam ko an ɗaga mota ba a daidaita sandar ba, bawul ɗin zai riƙa ɗauka motar wayam take ko da tana maƙare, sai ya rage ma baya birki a daidai lokacin da aka fi bukatarsa. Gyaran ba ya cin awa guda, amma sai makaniken da ya san da zamansa.

Ɗaga mota

Rairayin yankin da kwazazzaban damina, musamman wajen Gulbin Kaba a gundumar Mayayi, na sa masu mota son ƙarin tsawo. Ɗagawa ta kimanin santimita 5 yawanci ba ta kawo matsala babba. Fiye da haka, tiyon birki zai iya ɗamewa, sandar da ke kai juyi ga gatari ta karkace ta fara cin mahaɗanta, sitiyari kuma ya riƙa yawo a gudron. Tsawaita mahaɗa mai lilo arha ce, sai dai rabin abin da aka ƙara kawai ke zama tsawo. Cusa dungun ƙarfe tsakanin lam da gatarin gaba kuwa bai kamata a yi shi ba sam, don taka birki mai ƙarfi na iya tumɓuke shi. Masu sandar murɗi kan matse ta don gaba ya tashi. In ya yi yawa ƙafar ba ta samun wurin saukowa, robobin sandar taya su yage, rairayi ya shiga.

Ya kamata a tuna ɗaga jiki ba ya ɗaga cikin gatari daga ƙasa, taya ce kaɗai ke yin wannan. Kuma duk santimita da aka ƙara sama, tare da lodi mai tsawo da mutane a kai, na sauƙaƙa kifewa a kwana ko a gefen tudun rairayi.

Walda da wuta

Ƙarfen lam gasasshe ne, an ba shi tauri da dawowa tun daga masana'anta. Walda na kashe wannan tauri, shi ya sa lam ɗin da aka liƙa ke sake karyewa dab da wurin ɗinkin. In ƙaramin lam ne, a iya lallaɓawa zuwa gari. In uwar lam ce, ita ke riƙe gatari a mazauninsa, babu zancen liƙi, canji ake yi. Lam ɗin da ya kwanta ana iya dawo masa da lanƙwasa da guduma ba tare da wuta ba, ya yi ɗan lokaci. Gasa shi a gawayin maƙera kuwa ɓata shi ne. Kowane gyara a yi shi gefe biyu tare, in ba haka ba mota ta riƙa tafiya a karkace.

Kulawar yau da kullum

Lam da yawa da ke karyewa ta wurin ramin tsakiya, laifin ƙusoshin ɗauri ne da suka saki. In sun saki, jerin na motsi, ƙusar tsakiya ta guntule, gatari ya goce, a ga mota na tafiya kamar kaguwa. Bayan kowane aiki a sake matse su in an yi ƴan ɗaruruwan kilomita, kuma waɗanda suka riga suka miƙe ba a maida su. Robobin idon lam, wato silanbulok, ana ƙarasa matse ƙusoshinsu ne bayan an sauke mota daga jak, nauyinta na kan taya. In an matse tana rataye, robar na murɗewa ta yage da wuri. Giris na da amfani inda aka yi masa hanci, amma shafa shi a waje cikin ƙurar hunturu yana tara rairayi ya koma dutsen wasa, kuma yana cin robar gargajiya.

Hanyar birji mai ƙunya-ƙunya ita ke kashe amortisa, domin man cikinsa na zafi har ya yi kumfa. Gwajinsa ba wuya: bayan tafiya a irin wannan hanya a taɓa shi a hankali. Mai aiki zai yi ɗumi, wanda ya mutu yana nan sanyi. In mai na tsiyaya a jikinsa ya gama. Motar da aka ɗaga kuma tana bukatar amortisa mai tsawon da ya dace, in ba haka ba shi zai riƙa tsayar da gatari har ya tsinke kunnensa. Rage iskar taya a rairayi na taimakon mota da lam baki ɗaya, muddin an maida iskar kafin hawa gudron da kaya.

Kayan gyara na zuwa ne ta Maradi da Damagaram, da dama daga Kano, inda kasuwar Ƙofar Ruwa ta yi suna. Wajen lam na hannu, a jera biyun a ƙasa a ga ko lanƙwasarsu ɗaya, a goge tsatsa a duba tsaga kusa da ido da ramin tsakiya, a kuma auna tsawo daga ido zuwa ƙusar tsakiya, don na 75 da na bayan 79 ba sa shiga wurin juna. Lokacin da ya fi dacewa da wannan bincike shi ne ƙarshen damina, wajen watan Satumba, kafin buhunan kaka su fara fitowa.