Zanen Mata a Adar da Gobir Tudu Zamanin Mulkin Faransa

Hotuna da zane-zanen matan ƙasar da a yau ta ƙunshi gundumomin Madawa, Buza da Keita a jihar Tawa suna warwatse ne a littattafan matafiya, katunan wasiƙa da fina-finan Turawa. Yawancinsu baƙi ne suka yi su don idon baƙi, shi ya sa karanta su ke buƙatar lura.

Kafin zuwan Turawa

Zana fuskar mutum ba sana'a ba ce a wannan ƙasa. Malamai ba su son surar mai rai, gwanintar hannu kuwa ta tafi ga fata, ƙwarya, tabarma da gini. Mace takan bar kamanninta ne a bakin mutane: kirarin maroƙa, waƙar zabiya, da sarautu irin na Inna a Gobir, wadda ke jagorancin 'yan bori.

Shigowar Faransawa

Rundunar Voulet da Chanoine ta ƙona Birnin Konni a 1899, bayan ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu cikin Afrilu. Wannan mace da ta fi kowace suna a zamanin ba ta bar zane ko hoto ba. Fuskar da ake ba ta yau ta samo asali daga littafin Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986. Nijar ta zama cikakken yankin mallaka a 1922. A tsakanin nan katunan wasiƙa suka yawaita, musamman na Edmond Fortier da ke Dakar. Ƙa'idarsu ɗaya ce: a tsayar da mace, a nuna kitso, tsaga da murjani, a rubuta ƙabilarta a ƙasa, ba suna, sau da yawa ba gari. Don haka katin da aka rubuta wa "Bahaushiya" ba hujja ba ne cewa daga ƙasar Hausa aka ɗauko shi, balle daga Adar.

Ayarin Citroën, 1924

Nan ne aka fi samun abin dogaro. Ranar 28 ga Oktoba 1924, motoci 8 na kamfanin Citroën masu sarƙa a ƙafafun baya suka tashi daga Colomb-Béchar ta Aljeriya, ƙarƙashin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil, don ratsa Afirka har Madagaska, inda suka kammala a Yunin 1925. A ƙarshen 1924 suka bi hanyar Yamai zuwa Damagaram, wadda ta ratsa Dosso, Dogonduci, Konni da Madawa. Cikin ayarin akwai mai shirya fim Léon Poirier, da mai zane Alexandre Iacovleff, ɗan Rasha haifaffen 1887, wanda ya rasu a Paris a 1938.

Iacovleff gwani ne na gaske. Da jan alli da gawayi yake aiki, da sauri, a duk inda ayari ya yada zango, kuma yana kama fuskar mutum guda, ba ta ƙabila ba. Ya koma da zane-zane ɗaruruwa, aka baje su a ɗakin nuni na Charpentier a Paris a 1926, sannan aka buga zaɓaɓɓu 50 a kundi a 1927. Sai dai sunayen da suka fi tashe daga ɓangaren Nijar na maza ne: Sarkin Damagaram Barma Mata, da Magemma, shugaban mahayan Sarki Musa na Maraɗi. Inda aka ambaci sunan mace a wannan tafiya, galibi an jingina ta ne ga miji ko uba mai sarauta. Haka aka yi wa Nobosudru, matar wani sarkin Mangbetu a Kwango, wadda hotonta ya zama tambarin tafiyar baki ɗaya. A Tasawa kuwa, abin da ya ja hankalin masu fim shi ne matan gidan Sarki Barmu, domin 'yan kallon Paris sun saba da tatsuniyar matan kulle na gabas.

Buza da Keita suna arewa da wannan hanya, cikin duwatsu da kwaruruka, can gefe da idon matafiya. Abin da zanen zamanin ya tsallake shi ne ainihin rayuwar matan: daka da surfe, ɗebo ruwa a rijiya mai zurfi, kaɗi, saƙar tabarmar kaba da Madawa ta shahara da ita, da nauyin gida da ke faɗo musu duk lokacin da aka kwashe maza aikin tilas, wanda ba a soke ba sai 1946. Wannan giɓi ba ƙarami ba ne, domin wanda ya dogara da zanen kaɗai zai ɗauka matan nan ado kawai suka sani.

Bayan 1960

Katin shaida da masu hoto na kasuwa suka sa mata suka fara zaɓen zanin da za su ɗaura da tsayuwar da za su yi. Binciken Nicole Echard kan borin Adar ya saurari bakin mabiyansa. Aikin raya kwarin Keita, da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya da hannun hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya (FAO), ya haifar da sabon hoto: mata ɗauke da duwatsu suna tare zaizayar ƙasa yayin da maza suka tafi cin rani. Aikinsu ya fito fili a karon farko, amma a rahotannin masu ba da agaji, sunansu har yanzu "matan Keita" ne.