Ƙauyen Eyam na Ƙasar Ingila: Abin da Duwatsu Suka Riƙe da Abin da Baki Ya Ƙara

Maƙasudin wannan lacca shi ne mu zaga wani ɗan ƙauye na ƙasar Ingila, mu dubi kayan tarihinsa ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan mu auna shaidar da suke bayarwa da labarin da ake ba baƙi.

Sunan ƙauyen Eyam, amma mutanen wurin "Im" suke faɗa. Yana cikin tuddan lardin Derbyshire, kimanin mil 12 daga birnin Sheffield. Tsohon mazauni ne, gama sunansa ya fito cikin babban littafin ƙidayar ƙasa da dukiya wanda Sarki Wiliyam na Ɗaya ya sa aka rubuta a 1086. Sana'ar mutanensa tun dā ita ce haƙar dalma da kiwon tumaki. A harabar cocin ƙauyen akwai wani gicciye na dutse mai zane-zane, wanda ya haura shekara 1,000 da sassaƙawa. Akwai kuma gidan attajiran zuriyar Wright da aka gina a farkon shekarun 1670, da turun da ake sa masu laifi a dandali. Amma abin da ya fi jawo baƙi shi ne annobar 1665 zuwa 1666.

A 1665 annoba ta mamaye Landan, ta kashe dubun dubatar mutane. A ƙarshen bazarar Turai na wannan shekara aka kawo wa wani tela na Eyam ƙunshin yadi daga Landan. Yaron shagonsa, George Viccars, shi ne ya kwance ƙunshin, aka kuwa binne shi ran 7 ga Satumba. Yau mun san cewa ƙuman da ke jikin ɓeraye su ne suka fi yaɗa ƙwayar wannan cuta, amma ba a gano ƙwayar ba sai a 1894. Mutanen wancan zamani suna zargin gurɓatacciyar iska ne. Gidajen duwatsu da cutar ta fara shiga suna nan tsaye kusa da coci, an kafa alluna a gabansu ɗauke da sunayen mamatan kowane gida.

Da sanyin hunturu ya shigo sai mutuwa ta lafa, da ɗumi ya komo a 1666 sai ta sake tashi. A nan ne mutum biyu suka shiga labarin. Na farko shi ne limamin cocin, William Mompesson, saurayi baƙo wanda ya kama aiki a 1664. Na biyu shi ne Thomas Stanley, tsohon limamin da aka tuɓe bayan an maido da sarauta a Ingila a 1660, saboda ya ƙi bin tsarin ibadar da hukuma ta shimfiɗa. Mompesson yana da muƙami, Stanley kuwa shi ke da amincewar jama'a da yawa. Suka ajiye saɓaninsu, suka shawo kan mutane a kan abubuwa uku: kowane gida ya binne mamatansa kusa da shi, a riƙa yin ibada a fili, kuma kada kowa ya fita daga ƙauyen ko ya shigo.

Kowace daga cikin shawarwarin nan ta bar alama a ƙasa. Kwarin Cucklett Delf shi ne inda aka riƙa yin ibada, iyali kowane ya tsaya nesa da ɗan'uwansa. A kan hanyar ƙauyen Stoney Middleton akwai dutsen iyaka mai ramuka, inda ake zuba ruwan tsami na binega a jefa kuɗi ciki, maƙwabta su ajiye abinci su ɗauki kuɗin ba tare da an haɗu ba. Haka kuma ake yi a wata rijiya da ke arewa da ƙauyen, wadda ake kira da sunan Mompesson. Basaraken yankin, mai gidan sarauta na Chatsworth, shi ma ya riƙa aiko da abinci. A wata gona a bayan gari kuma akwai kaburburan Riley, inda wata mata, Elizabeth Hancock, ta binne mijinta da 'ya'yanta 6 cikin kwana 8 a watan Agusta na 1666. Cikin watan nan ne matar limamin, Catherine, ta rasu, kabarinta yana harabar coci. Kafin cutar ta ƙare a Nuwamba, mutum wajen 260 sun mutu.

To, jama'a, a nan ne aikin masanin tarihi yake farawa. Yawancin labarin da ake bayarwa yau ya samo asali ne daga littafin William Wood, ɗan ƙauyen, wanda ya fito a 1842, wato shekara 176 bayan annobar, kuma daga bakin tsofaffi ya tattara da yawa daga cikinsa. Lissafin da ya yaɗu daga wancan zamani ya sa yawan mutanen ƙauyen wajen 350, wanda ke nufin kashi uku cikin huɗu sun hallaka. Masu binciken baya da suka koma kan rajistar coci da takardun haraji sun kai adadin zuwa 700 ko 800, wato mamatan kusan sulusi ne. Bugu da ƙari, wasu masu hali sun fice tun kafin a rufe ƙauyen, shi kansa Mompesson ya riga ya fitar da 'ya'yansa biyu. Ke nan a cikin waɗanda suka zauna akwai masu sadaukar da kai, akwai kuma talakawan da ba su da inda za su nufa. Har wa yau masana suna muhawara ko killacewar ta ceci garuruwan maƙwabta, ko kuwa ta ƙara yawan mutuwa a cikin ƙauyen ne.

Wannan gyara bai rage darajar mutanen Eyam ba, ya dai maido da su matsayin 'yan Adam masu tsoro da tilas da jaruntaka a haɗe. Darasi biyu nake so mu ɗauka. Ga ma'aikacin hukuma, dokar killacewa ta yi aiki ne domin an nemi yardar jama'a ta bakin wanda suka amince da shi, an kuma tanadi abincinsu. Ga ɗalibi kuwa, ba domin wani ya zauna ya rubuta suna da rana a littafin rajista ba, da ba mu da ma'aunin da za mu gwada labarin baka da shi.

Ƙauyen ya buɗe gidan adana kayan tarihi a 1994, kuma kowace ranar Lahadi ta ƙarshen Agusta ana taruwa a Cucklett Delf don tunawa da mamatan. Wanda Allah ya kai shi can, ya fara da littafin sunaye kafin ya saurari mai zagayawa da baƙi.