Kwalkwalin Kanajeji da na 'yan dokin kara

A garuruwanmu na kudancin Kano, daga Bunkure zuwa Kura, yaron da zai yi hawan dokin kara bayan Sallah ba dokin ke hana shi barci ba. Doki ai kara ne, tsumma ya zama linzami, shi ke nan. Kwalkwali ne aikin. Wanda ya fito da rawani kawai bafade ne ko hakimi, wanda ya fito da kwalkwali kuwa barde ne, shi ke gaban sarkin yara, shi mata ke rangaɗa wa guɗa daga bakin zaure.

Abin da yaran ke kwaikwayo ya haura shekara 600. Littafin Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ce Sarki Kanajeji ɗan Yaji, da ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne ya fara shigo da lifidi da sulke da kwalkwalin ƙarfe cikin yaƙi. Ba don ado ya yi ba. Mutanen Umbatu ne suka yi ta karkashe masa dakaru, dole ta sa ya nemo abin da zai tare kibiya.

Sulke daga ƙetaren hamada yake zuwa, sai sarki da manyan bayinsa. Kwalkwalin da aka fi sani a zamanin Daular Usmaniyya kuwa aikin gida ne: tsumma da auduga a cusa, a ɗinke tam, a lulluɓe da ƙyalle, a kafa ɗan bututun tagulla ko farin ƙarfe a ƙoli, a soka gashin jimina. Shi lifidi audugar rimi ake ɗura masa, har dokin a rufe. Kibiya mai dafi sai ta nutse cikin auduga ta tsaya. Amma nauyi gare shi, ga shi ba ya shiri da wuta. Baturen nan Kilafatan, da ya ga yaƙin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Gobirawa a 1826, ya ba da labarin yadda ɗan lifida ba ya iya hawa doki sai an ɗora shi.

Ƙarshen amfanin kwalkwali a fagen fama nan kusa da mu ya fara. A farkon Fabrairun 1903 rundunar Baturen nan Kanar Molan, da ta taso daga Zariya, ta fasa ƙofar Bebeji da igwa, ran 3 ga wata ta shiga Kano. Ba a rufa wata ba, a Kwatarkwashi, mahayan Kano suka yi ta sukuwa cikin ruwan harsashi, Waziri Ahmadu ya kwanta dama a wurin. Auduga ba ta tare harsashi. Tun daga nan kwalkwali ya koma kayan hawa: an fito da shi don Yariman Ingila a Kano a 1925, an kai shi Kaduna don Sarauniya a 1956, ga Hawan Daushe da na Nasarawa na bikin Sallah, har UNESCO ta sa hawan Kano cikin al'adun duniya a 2024. To ni a ganina, ɗan kwalkwalin da ke gaban Sarki yau shi ma shigar wani ya yi, wani barden da ya mutu tuntuni. Bambancinsa da yaron Bunkure, nasa dokin yana cin harawa.

Mu da muke yara, ƙwarya muke nema, wadda ta zauna daram a ka, ba ta rufe ido ba. Kakata ba ta taɓa ba da sabuwa, sai wadda ta tsage aka ɗinke. Huda ta shi ne wuya. In ka sa basilla da ƙarfi sai ta dare gida biyu, don haka ƙusa ake sa wa a murhu ta yi ja, a riƙe da tsumma a ɗana, sai ka ji ƙaurin ƙwarya, rami ya fito sumul. Biyu a gefe don igiyar rama da za ta bi ƙarƙashin haɓa, ɗaya a ƙoli don gashi, sauran a jera a baya inda za a ɗinka ƙyallen da zai sauko ya rufe ƙeya da kunnuwa. Ciki a shimfiɗa tsumma, in ba haka ba kafin a kai ƙofar dagaci goshi ya saɓule. Waje kuma takardar alawa mai ƙyalli ake liƙawa da ƙaro. Jimina dai ba mu da ita, zabo ne ke biyan bashin.

Madatsar Tiga, da aka gama a 1974 zamanin Audu Baƙo, ta kawo ruwan kanal har gonakinmu, shinkafa da alkama da tumatir suka cinye fili, kuma har kayan wasan yara sai da suka canja. Kwali ya yawaita, roba ta kori ƙwarya daga ɗakin girki. Ɗan ƙanwata ya nuno mini a waya yadda samari a Japan da Legas ke yanka soso su yi hular jaruman katun, ya ce, "Kawu, naku ai na ƙauye ne." Na ce ya yi na kwali ya sa a ranar Sallah da tsakar rana, ya ga yadda gumi zai mayar da shi.

Ƙwaryar ma ba ta yi ritaya da wuri ba. A Janairun 2009, da aka tilasta wa masu babur sa hular kwano, wasu 'yan acaɓa a Kano ƙwarya suka shafe da fenti suka ɗaura da igiya, jami'an kiyaye haɗurra na kama su, labari har BBC. An hana acaɓa a birnin a 2013. Hulunan kwanon da suka fashe su ne yanzu yaran unguwarmu ke tsinta a shagon masu gyaran babur, su cire gilashin, su huda ƙolin da ƙusa mai zafi.